Layin Ƙarya a Waƙar Rumfa

Shekarun baya, ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, aka tura ni koyarwar gwaji wata makarantar jeka-ka-dawo a wani ƙauye da ke bayan Mairuwa. Ni 'yar Ƙanƙara ce, ban saba zama nesa da gida ba, amma da yake ƙanwar mahaifina tana aure a ƙauyen, mahaifiyata ta ce ai gida na bari, gida za ni. Ta cusa daddawa da kuka a gefen jakata don Goggo, ta ce in riƙa tashi da wuri kada a ce an aiko masu malalaciya.

Hausa na karanta, Hausa kuma na je koyarwa. Tun a mota nake hango kaina tsaye gaban aji ina bayanin karin waƙa da amsa-amo, yara sun yi tsit suna sha'awata. Da na isa, shugaban makarantar, wani dattijo mai fara'a da kowa ke kira Baba, ya duba takardata sama da ƙasa ya ce:

"Malama, Hausa kam muna da malamai har biyu. Lissafi ne ba mu da kowa. Malaminmu ya kwashe iyalinsa ya koma Funtua tun da hanyar nan ta fara ba mutane tsoro. Na ga kin ci lissafi a sakandare."

Na ce, "Baba, da ƙyar fa na ci."

Ya ce, "To ai ƙyar ɗin muke nema. Mu ko ita ba mu da."

Haka aka miƙa mani 'yan matan aji biyar, su talatin da 'yan kai, saura mako takwas su rubuta jarrabawar tantancewa, wadda suke kira kwalifayin. Wadda ta ci ita ake yi wa rajistar jarrabawar fita sakandare. Wadda ta faɗi kuwa, a mafi yawan gidajen ƙauyen, karatunta ya tsaya ke nan. Sun san haka, ni ma na sani.

Tsohon malamin ya bar littafinsa a durowa, da tsinken tsintsiya a shafin da ya tsaya. Babin sukwaya rut ne. Ga wanda ya manta, sukwaya rut ɗin lamba shi ne lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka waccan: na 9 shi ne 3, na 25 shi ne 5. Ana rubuta shi da alamar nan mai ƙafa ɗaya da dogon rufi, √, lambobi da haruffa su shige ƙarƙashinta. Ranar da na fara zana ta a allo, sai na ji ajin ya ɗauki gunaguni. Wata ta ce, "Malama, ƙugiyar nan ce ta kori malaminmu." Aka kwashe da dariya.

Na ja baya na kalli alamar. Ni ban ga ƙugiya ba. Rumfa na gani, irin ta bakin kasuwa, da mutane zaune a inuwarta. Na ce masu daga yau sunanta rumfa. Aikinmu kawai mu ga wa zai iya fitowa rana, wa zai ci gaba da zama a ciki. In ka ga √50, sai ka farfasa hamsin ɗin ya zama 5 × 5 × 2. Biyar biyu tagwaye ne, sai su fito su zama ɗaya, 2 kuwa ba shi da ɗan'uwa, sai ya zauna, ka samu 5√2. Haruffa ma haka: √(x²y) ya zama x√y. Na ga idanu sun fara buɗewa. Kullum bayan la'asar nakan zauna gindin darbejiyar gidan Goggo in karanta darasin gobe, in riga su da shafi biyu kacal, in je in tsaya kamar an haife ni da shi.

To ni akwai wata cuta da nake da ita tun ina ƙarama: duk abin da na so, sai na mayar da shi waƙa. Wata yamma dokokin babin suka fara jeruwa da kansu a kunnena, kafin magariba na gama baiti biyu:

Lamba na zaune cikin rumfa,
Ku farfasa ta ku nemi tagwaye,
Biyu su fito su zama ɗaya,
Wanda ba tagwai ya tsaya a inuwa.

In an ninka su, kowa da rumfarsa,
In an raba su, kowa da rumfarsa,
In an tara su, kowa da rumfarsa,
Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Ma'anar baiti na biyu ita ce, in lambobi biyu suna rumfa ɗaya, kana iya ba kowacce tata. √(4 × 9) daidai yake da √4 × √9, wato 2 × 3, shida ke nan, kuma haka ne.

Waƙar ta kama kamar wutar kara. Akwai wata doguwar yarinya mai zaƙin murya a layin gaba, wadda 'yan ajin ke kira zabiya, ita ta sa mata tafi da rausaya. Cikin mako guda na ji ana yin ta a bakin famfo, na ji ƙananan yaran da ba su san ko ABCD ba suna "kowa da rumfarsa" a bayan awaki. Baba ya kira ni gaban taron safe ya ce in koya wa ajin maza su ma. Ya ce a shekarunsa na aiki bai taɓa ganin an rera lissafi ba. Na sunkuyar da kai kamar mai kunya, alhali a zuci har na fara tunanin yadda za a buga waƙar a littafi da sunana a ƙasa.

Saura mako uku jarrabawa sai wata yarinya ta dawo aji. Ta yi kwana goma sha wani abu ba ta zuwa, tana taya mahaifinta tsinkar tumatir a lambu. Shiru-shiru ce, a layin baya take zama, 'yan ajin na ce mata 'yar lambu. Na ba su aikin gida da na ƙirƙira da kaina: a sauƙaƙa √(x² + y²), sannan a nemo darajarsa idan x = 3, y = 4. A littafina na riga na rubuta amsa: x + y, wato 7. Washegari ina zagayawa ina maki, kowa bakwai, kowa bakwai, raina fari tas. Sai 'yar lambu ta ɗaga hannu.

"Malama, ni amsa biyu na samu."

Na ce, "Lissafi ba ya da amsa biyu. Ɗaya baƙuwa ce."

Ta ce, "To ban san wacce ce baƙuwar ba. Ni ban iya waƙar ba, ina lambu aka yi ta. Sai na zuba lambobin tun farko. Uku sau uku 9, huɗu sau huɗu 16, na tara na samu 25, rumfarsa kuma 5. Da aka rera mani waƙar na bi ta, sai na samu 7. Wacce zan rubuta?"

Ban ko karɓi littafin na duba ba. Na ce, "Je ki sake lissafawa, wataƙila wajen tarawa kika yi kuskure."

Zabiya ta juyo ta ce, "Malama, ƙyale ta, tumatir ne ya cika mata kai." Ajin ya fashe da dariya. Yarinyar ta zauna, ta rufe littafinta a hankali. Cikin duk abin da ya faru, wannan zaman nata ne ya fi tsaya mani a rai.

Da aka fita hutun tara na zauna a ofishin malamai na ɗauki alli ina rubutu a bayan rajista. 9 da 16, 25. Babu yadda za a yi ya zama wani abu. Biyar sau biyar 25. Bakwai sau bakwai 49. Na sake gwadawa da wasu lambobin, ko Allah zai sa a dace. Ba a dace ba. Na buɗe littafin tsohon malami ina neman inda na samo dokar tarawa, sai na ga ninkawa da rabawa kawai ya ambata, har ma da gargaɗi a ƙasan shafin da ƙananan haruffa cewa ba a yin haka da tarawa ko ɗebewa. Layi na uku na baiti na biyu, na tarawa, ba daga littafi ya fito ba. Daga kunnena ya fito. Baitin ne ya nemi layi uku masu amo ɗaya kafin a rufe shi, ni kuma na ba shi, ban tsaya na tambayi lissafi ko ya yarda ba.

Na samu Baba a ofis na faɗa masa komai. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Malama, shawarar da zan ba ki ta uba ce. Malami ba ya tsayawa gaban yara ya ce na yi kuskure, daga ranar sun raina ki ke nan. Ki koya masu daidai ɗin kawai, ki bar waƙar ta mutu da kanta."

Na ce, "Baba, waƙar da ake yi a bakin famfo ba za ta mutu cikin mako uku ba."

Ya mayar da tabarau ya ce, "To, ajinki ne."

Washegari na shiga ban ce a rera komai ba. Na kira 'yar lambu ta fito gaban allo ta rubuta lissafinta yadda ta yi shi. Da ta gama na ce, "Amsarta ce daidai. Tawa ce baƙuwar. Jiya na kore ki ban duba ba, ki yafe mani." Ta rufe fuska da gefen hijabi ta ce, "Lah, Malama, ba komai." Na ce kowa ta buɗe littafi ta soke layi na uku. Suka soke, har da masu dannawa sai da biro ya huda takarda. Na ce an gane? Suka ce, "Mun gane, Malama!" Na koma gida ina jin na sauke kaya.

Bayan kwana biyu na yi masu gwaji. Ina zagayawa ina ganin leɓɓa na motsi. Da na tattara takardun, fiye da rabin ajin sun raba rumfar tarawa kamar ban taɓa magana ba. An soke layin a takarda, yana nan daram a baki.

Ranar da yamma Goggo ta ce in raka ta barka wata unguwa da ke gaba da mu. Bazara ce, gonaki duk a share, sai tushiyar dawa da tulin taki nan da can. Ina tafe a baya ina lissafin kwanakin da suka rage. Da muka iso wata babbar gona na miƙe ta gefenta, inda 'yar hanya take, sai na ji muryar Goggo daga can tsakiya.

"Ke ɗiyar nan, ina za ki? Mi ya same ki yau kike tahiya kamar kazar da ƙwai ya fashe ma ciki? Wa ke bin gehe da rani?"

Na ce, "Goggo, akwai ƙaya ta nan."

Ta ce, "Da damina ake zagaye, don kunyar mai gona. Yanzu ko ba shuka, sai yanke. In da yanke da zagaye ɗaya ne, wane mahaukaci zai taka ƙaya?"

Na tsaya cak. Na kalli gefen gonar da ya miƙe, na kalli wanda ya karya kwana, na kalli Goggo tana ratsawa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Dokar nan ta kusurwa da aka koya mana tun ƙaramar sakandare ta faɗo mani: in gefe ɗaya x ne, ɗayan y, to tsawon yanke shi ne √(x² + y²). Zagaye kuwa shi ne x + y. Ashe abin da waƙata ke koya wa yara shi ne yanke da zagaye duk ɗaya ne, maganar da ko akuyar ƙauyen ba za ta yarda da ita ba. Na kwasa da gudu na cim mata, ƙaya na kama zanena, ina dariya ni kaɗai. Ta dube ni ta ce, "Allah ya shirya boko."

Da safe na fitar da ajin gaba ɗaya bayan makaranta, inda katanga ta yi kusurwa. Na sa zabiya ta yi taku talatin daga kusurwar ta bi gefe ɗaya, aka kafa kara. Ta dawo ta yi taku arba'in ta ɗaya gefen, aka kafa wani. Na ce, "Daga wannan kara zuwa wancan, in an bi ta kusurwa, taku nawa?" Suka ce saba'in. Sai na mayar da karan biyu fili, inda babu katanga a tsakani, aka sake aunawa yadda yake, na ce ta yanke. Duk ajin na ƙirga mata da ƙarfi. Ta isa a hamsin da ɗaya.

Ta ce, "Malama, ɗayan na ƙaya ne, da na tsaya cirewa na ƙara taku!"

Na ce mun yafe mata ɗayan. Na rubuta a ƙasa da tsinke: 900 da 1600, 2500, rumfarsa 50. Na ce, "Waƙata ta ce saba'in. Ƙafarku ta ce hamsin. Wa za ku yarda da shi?" Suka ce ƙafa. Wata ta tambaya, to in haruffa ne zalla babu lambobi, yaya za a sauƙaƙa √(x² + y²)? Na ce ba a sauƙaƙa shi, haka ake barinsa. Ta ce, "Haka kawai, Malama? Ba a taɓa shi ba?" Na ce amsar ke nan. Ba su so ba, don sun saba in ba a canja wa abu kama ba, ba a yi aiki ba.

Wannan karon sun fahimta, na tabbata. In na ba su lokaci suna yi daidai. Amma da na sa masu agogo, tambaya ashirin cikin minti ashirin kamar yadda za su tarar a jarrabawa, sai kusan goma suka sake zamewa. In gaggawa ta zo, kai ba ya tsayawa tuna taku hamsin, abin da ke kan harshe shi hannu ke bi. Saura kwana goma sha ɗaya.

Ranar Asabar da hantsi ina shara a tsakar gida, Goggo da maƙwabciyarta suna lugude, suna dakan geron fura. Maƙwabciyar na jefa habaici cikin waƙa wai furar gidansu ta fi ta kowa, Goggo na mayar mata a kan taɓarya wai ƙarya take, ruwa ya yi mata yawa. Sai Goggo ta dakata ta ce:

"Malama, mi kike rerawa?"

Na ce, "Ni? Ba komai."

"Ba komai? Ba ke kika ce mani layin nan ƙarya ne ba, har kika hana kanki cin tuwo? To ga shi nan a bakinki tun ɗazu."

Na saki tsintsiya. Wallahi ban san ina yi ba. Ni da na ƙirƙira, na gano, na soke, ni ce nake "in an tara su, kowa da rumfarsa" ina shara.

Goggo ta ce, "Ke dai karatu ya yi maki yawa. Waƙar da ta shiga baki ba ta hita. Ba a kashe ta, amshi ake yi mata. Ba ki ga wannan ba? Shekara nawa tana cewa furarta ta hi tawa, na hana ta? Bari nike ta gama, in ce ƙarya take. Yanzu duk unguwar nan wanda ya ji nata, nawa yake jira."

Maƙwabciyar ta ce, "Kuma dai tawa ta fi." Suka ci gaba da dakansu.

Ranar Litinin na rubuta sabon abu a allo. Na ce layin ƙarya na nan, ba za mu cire shi ba, ni zan riƙa rera shi da bakina, su kuma su amsa:

Ƙarya ne, Malama! Rumfa ɗaya ce!
Tara ko ɗebe, a gama a ciki,
Sannan a nemi mai fita waje.

Zabiya ta dafe ƙirji ta ce, "Malama, mu ce maki ƙarya? Mu? A gida in aka ji sai an kusa yanka mu."

Na ce, "Ni na ba ku izini. A wannan layin kaɗai."

Na rera. Da na zo layin na tsaya. Ba wadda ta motsa. Na sake, sai ƙus-ƙus da rufe baki. A karo na uku, daga can layin baya, wata ƙaramar murya ta fito: "Ƙarya ne, Malama." 'Yar lambu ce. Ai kuwa kamar an ɓalle bakin dam. A karo na huɗu sai da malamin ajin da ke kusa ya leƙo ya ga ko faɗa ake. Abin da aka hana su faɗa tun suna goye, yau an ce su faɗa da ƙarfi, ga tafi, ga malama tsaye tana karɓa. Babu wani layi a waƙar da suka so kamar wannan.

Na roƙi Baba ya bar ni in yi a taron safe, tun da a nan na raba wa maza kuskuren. Ya ce, "Ɗari uku za su ce maki maƙaryaciya a gabana?" Na ce, "A gabanka suka koya, Baba." Ya yarda, amma ranar a bakin ƙofar ofis ya tsaya, hannu a baya, yana kallon sama kamar mai duba hadari.

Abin bai zo kyauta ba. Kafin mako ya ƙare sunana ya ɓace a ƙauyen. In na wuce, yara na leƙowa ta kan danga su ce "Ƙarya ne, Malama!" su ruga. Wata mata ta tare Goggo a gidan suna ta ce, "Wai ɗiyar wanki ce ake cewa tana ma yara ƙarya a makaranta?" Goggo ta ce, "Ita ce. Ta yi guda ɗaya ta tara gari ta faɗa. Ke naki nawa?" Na yi dariya da ta ba ni labari, amma na shiga ɗaki na yi 'yar ƙwalla. Ina da shekara ashirin da ɗaya, ina son a ce mani Malama da girmamawa. Da safe na wanke fuska na koma na sake rera layin. Kullum da shi muke buɗe aji, sannan tambaya ashirin da agogo, kuma duk wadda ta sauƙaƙa wani abu sai ta zuba masa lambobi ta gwada kafin in sa hannu.

Ranar jarrabawar lissafi ba a bar mu kusa da zauren ba. Wata malama aka turo daga garin Sabuwa ta tsare su. Ina zaune a ofis ina juya biro, ba a fi awa ɗaya da farawa ba sai ga ta ta shigo fuu, mayafi na jan ƙasa.

"Ranka ya daɗe, wace irin tarbiyya ake ba yaran nan? Ina zagayawa ban ce wa kowa komai ba, sai in ji ana 'ƙarya ne, Malama' ƙasa-ƙasa. Na juya nan, a ce can. Me na yi masu?"

Baba ya dube ni, na dube shi. Ya yi ta maza ya riƙe dariya, ya kasa, sai da ya kifa kai a tebur. Da ƙyar ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya, ba da ke suke ba. Ga mai ƙaryar nan zaune." Ni kuwa abu ɗaya na fahimta daga fushinta: tambayar ta fito.

Ta fito kuwa. A nemo darajar √(p² − q²) idan p = 13, q = 5. 169 a ɗebe 25, saura 144, amsa 12. Cikin zaɓin da aka jera har da 8, tana zaune tana jiran duk wanda zai raba rumfa. Da suka fito suka kewaye ni, kowa na ihun sha biyu. Zabiya kaɗai ta tsaya gefe. Na je na same ta, ta ce, "Malama, takwas na zaɓa. Lokaci ya ƙure, hannuna ya riga bakina. Sai da na miƙa takarda amshin ya zo mani." Ita ce ta fi kowa rera tsohon layin, ita ta kai shi bakin famfo, a bakinta ya fi yin saiwa.

Na koma kwaleji kafin sakamako ya fito. Baba ne ya kira ni a waya. Mafi yawansu sun ci, har da 'yar lambu. Zabiya ba ta ci lissafi ba. Ban san da maki nawa ta faɗi ba, ban san ko tambayar nan ce ta kayar da ita ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Na roƙi Baba ya je wurin mahaifinta, ya je har sau biyu, aka bar ta ta maimaita ajin. Mijin Goggo yakan zo kasuwar Ƙanƙara, to duk zuwan da zai yi sai na ba shi shafi biyu na lissafi da na warware da hannuna, kowane mataki na gwada shi da lambobi, ya kai mata, ya dawo mani da na baya in duba. Shekara guda muna haka, ban aika mata baiti ko ɗaya ba. Da shekara ta zagayo ta ci.

Yanzu Hausar da na karanta nake koyarwa, kuma in na tuna wannan lokaci dariya ce ke fara zuwa, sannan wani abu mai nauyi ya biyo baya. Na koyi cewa abu mai daɗi ya fi abu mai gaskiya saurin tafiya, don haka wanda Allah ya ba iya daɗaɗa magana nauyinsa ya fi na kowa. Na kuma koyi cewa girman da nake tsoron zubarwa bai kai shekarar yarinya ɗaya ba. Ban daina waƙa ba, ba na jin zan iya. Amma duk layin da ya zo mani da sauƙi, ya zauna daram a kunne tun ban gama tunaninsa ba, shi nake fara tuhuma.